Akwatin Haladu Ya Riga Shi Isa Gida

Bakin daga, Oktoba 1968

Zuwa ga yayata Adda Turai, a Birnin Kudu.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ni lafiyata ƙalau, sai ƙaiƙayin ƙafa da ruwan ƙasar nan ya sa mana, don a nan sama ba ta gajiya da zuba. In kin samu mai zuwa Dingaya ki aika da gaisuwata ga ƙanen mahaifinmu Bappa Manu, da ƙanenmu Buba, da mai ɗakina Hapsatu, da 'yata Barira.

Adda, akwai magana, kuma ke kaɗai zan gaya wa, tunda ke ce kika yi ajin yaƙi da jahilci, ba sai an kai takardata wani ya karanta wa gari ba. Yaƙin nan ya sake kama. Da can mun san inda abokan gaba suke, su a raminsu mu a namu, a ci gari a wuce gaba. Yanzu garin da muka ci jiya, yau a bayanmu ake tare motar abincinmu. Mutum biyar ko shida za su fito daga daji da kayan gida, su fasa gada, su koma. Kafin a busa bigila a yi layi a loda bataliya a mota, sun yi nisa. Sari-ka-noƙe ke nan, kuma ya ishe mu.

Shi ne manya suka ce su ma za su kafa irin tasu ƙungiyar. Wani kyaftin ya bi layi yana tambaya, wa ya taɓa kiwo, wa ya taɓa farauta, wa ya iya kamun kifi. Bai tambayi wa ya iya fareti ba. Na ce na yi kiwo tun ban kai tsayin sandata ba. Ya kai mu bakin daji ya gwada mu da bin sawu, aka ɗauke ni. Tsofaffin sajoji sai dariya suke mana, wai an tara ɓarayin shanu an ce soja ne.

Goma-goma za a raba mu. Aikinmu mu shiga bayan abokan gaba, mu ga abin da ke wucewa a hanya, mu sanar ta oba-oba, wato rediyon soja, mu fito ba wanda ya san mun shiga. An rantsar da mu kada mu faɗa, don haka a gida ki ce dai an canja mini wuri. Idan kin ji shiru daga gare ni, shirun aiki ne, kada hankalinki ya tashi.

Ni ne ƙanenki,
Haladu

*

Birnin Kudu, Nuwamba 1968

Zuwa ga Haladu mai kunnen ƙashi.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da kana lafiya. Mu ma lafiya lau, an gama yankan gero, ana ta shirin azumi.

Wato duk sojan da ke ƙasar nan ba a samu mai ɗaga hannu ba sai kai? Tun kana yaro haka kake. In guga ya faɗa rijiya, kafin a gama tambayar wa zai shiga ka tuɓe riga. Ni na goye ka bayan rasuwar Inna, na san halinka sarai, kuma ka ce kada hankalina ya tashi. To ya tashi. Na karanta takardar nan har ta fara yagewa a ninki, ban ga inda ka ce yaushe za ka fito ba.

Na je Dingaya makon jiya. Bappa yana nan da tarinsa, yana gaishe ka. Na ce musu an canja maka wuri, ban ƙara komai ba, kuma ka san yadda riƙe magana yake mini wuya. Hapsatu tana kai nono kasuwar Gwaram duk mako, ƙwaryarta ba ta dawowa da saura. Barira ta yi baki, ba ta barin kowa ya huta. Buba yana riƙe da shanun yadda ya kamata, har yanzu dai in aka yi masa zancen aure sai ya tashi ya ce zai duba maruƙa.

Wani abu ne ya daɗa tsorata ni. An kawo akwatin ɗan Maikano na Kangire. Ba ka nan aka fara wannan abu, don haka bari in gaya maka. Yanzu ba takarda ake aikowa ba. Soja ne zai sauko daga mota da akwatin ƙarfe a ka, ya tambayi gidan wane, kafin ya buɗe baki mata sun fara kuka. Ran nan a tasha na ga wani da akwati, sai da na zauna a ƙasa, ashe ɗan koli ne.

Ka riƙa addu'o'in da Bappa ya koya maka. In an ce wa zai fara shiga, don Allah ka bar wani ya ɗaga hannu ko sau ɗaya.

Yayarka,
Turai

*

Disamba 1968

Adda Turai,

Gaisuwa da fatan kuna shan ruwa lafiya. Taki ta same ni, na yi dariya har abokaina suka ce in karanta musu, na ƙi. Allah Ya jiƙan ɗan Maikano, tare muka shiga mota zuwa Kano ran da aka ɗauke mu.

Horon da ake ba mu ba irin wanda na sani ba ne. Ba ƙamewa, ba sara wa hafsa, kyaftin ma da mu yake cin abinci a kwano ɗaya. Ana koya mana tafiya ba tare da karya reshe ba, da tuƙa kwalekwale, da ɗana nakiya, da yini a wuri ɗaya ba tari. Har gaisuwar mutanen ƙasar ake koya mana. Kyaftin ya ce a irin wannan yaƙi, tsohuwar da ta gan ka a gona ta yi shiru ta fi maka harsashi amfani, shi ya sa kowa zai ɗauki gishiri da ƙwayar zazzaɓi a jakarsa.

Jiya aka karɓe kakinmu da takalma da lambar wuya. An ba mu tsofaffin riguna irin na masunta. Akwatunanmu kuma an kai sito, sai mun dawo mu karɓa. An ce ko sunayenmu za a ɗauke daga bataliya, don in an kama mutum kada a san daga inda ya fito. Na ji wani iri da na ga kaina ba kaki, kamar an aske mini kai a kasuwa.

Wannan ce ta ƙarshe kafin mu shiga. An ce 'yan makonni ne. Ki yi wa Barira ɗinkin Sallah, ki ce daga babanta.

Haladu

*

Birnin Kudu, Janairu 1969

Haladu,

Ina gaishe ka. Jikinmu lafiya, hankali ne babu. Ka amsa mini wannan ko da layi ɗaya, ko kyaftin ɗin naku yanka ka zai yi.

An kawo akwatinka Dingaya.

Ranar kasuwar Gwaram wani soja da ya zo hutu ya sauka da shi, ya tambayi gidan Manu, masu jakuna suka raka shi. Buba ne ya zo ya ɗauke ni, idonsa jawur. Kafin in isa an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sojan kuwa tuni ya kama gabansa. Na ce wa Bappa, me ya ce da bakinsa? Bappa ya ce, “Ya ce a sito aka ba shi ya kawo gida, sunan mai shi ba ya cikin bataliya kuma.” Na ce, kun tambaye shi ko ya ga gawa? A ina, yaushe? Bappa ya dube ni kamar na zage shi. Ka san shi da fulako. Wai dattijo ba ya tsare baƙo da tambaya a kan ɗansa, sai a ce bai yarda da ƙaddara ba. Ruwa ya sa aka ba sojan, ya yi masa godiya, ya sallame shi.

Ka yafe mini, na karya alkawari. Na tsaya a zaure gaban maza, abin da ban taɓa yi ba, na karanta musu takardunka duka biyu. Na nuna musu inda ka ce an kai akwati sito, an ɗauke suna da gangan. Liman ya saurara har ƙarshe. Bappa ya ce, “Turai, wanda ya rubuta wannan yana da rai ran da ya rubuta. Akwati ya zo bayanta. Kuma duk akwatunan da aka kawo ƙasar Gwaram, wanne ne mai shi ya biyo baya?” Mata suka ja ni ciki suna cewa baƙin ciki ya taɓa mini kai.

Hapsatu ta shiga takaba. Ta kwance kitso, ta cire awarwaro, tana zaune a ƙuryar ɗaki da akwatin a gabanta. Da aka watse ta kama bakin zanena ta ce, “Adda, in kin san yana da rai ki rantse mini, yanzu in tashi in ɗaura ɗankwalina.” Haladu, na buɗe baki, rantsuwar ta ƙi fita. Ban sani ba. Wannan shi yake cina, ban sani ba.

Wata huɗu da kwana goma ne takaba, ka san wannan. Ka yi magana kafin ta cika.

Turai

*

Birnin Kudu, Afrilu 1969

Ƙanena Haladu,

Gaisuwa. Zafi ya yi yawa bana, yara biyu sun yi ƙyanda amma sun tashi. Wannan ce ta uku da na aika tun zuwan akwati, ko ɗaya ba ta dawo ba, kuma ba amsa. Ban san wa ke karɓarsu ba.

Na matsa wa Malam sai da ya kai ni bariki a Kano. Mun yini a rana kafin wani kofur ya saurare mu. Ya shiga ya fito ya ce lambarka ba ta cikin bataliya, ba ta kuma cikin waɗanda aka sanar sun mutu. Na ce ai ƙungiyar nan aka kai shi, masu shiga bayan abokan gaba da kayan gida. Sai fuskarsa ta canja, ya ce babu irin wannan a soja, wa ya gaya mini? Malam ya taka mini ƙafa, muka fito. Wato waɗanda suka aike ka ma sun ce ba su san ka ba.

Na kai wa Bappa labari da murnata, cewa ba ka cikin matattu. Shi rabin farko kawai ya ji. Ya ce, to ga shi su ma sun ce babu shi.

Yanzu ga abin da ke tafe. Dangin Hapsatu daga Kangire sun aiko cewa tana fita takaba za su ɗauke ta, ita da Barira, tunda yarinya ƙarama ce. Bappa ya ce ba a gidansa ba. Ya ce a yi yadda kakanni suka yi, ƙane ya riƙe matar wansa, marainiya ta tashi a gidan ubanta kusa da shanun ubanta. Liman ya ce halal ne. Mutanen Kangire sun ce in Hapsatu ta yarda ba su da ta cewa.

Buba ya zo nan, ya ƙi cin abinci. Ya ce, “Adda, in na ƙi, za a tafi da Barira. In na yarda kuma ya dawo, da wane ido zan dube shi?” Na ce ya ce a jira. Ya ce, “Har yaushe?” Kowa wannan tambayar yake mini, kamar ni ce kyaftin ɗinku.

Ba wanda yake da mugun nufi a cikinsu, shi ya sa na rasa wanda zan yi faɗa da shi. Sai kai. Ka ce 'yan makonni.

Turai

*

Birnin Kudu, Yuli 1969

Haladu,

Ina gaisuwa, in akwai mai karɓa. Damina ta sauka sosai, shuka ta yi kyau.

Hapsatu ta fita takaba da ruwan farko. Na durƙusa wa Bappa na roƙi a bari sai an gama noman farko, ya ba ni, don kawai kada a ce ya ƙi jin ta bakin 'yar wansa. An gama noman. Na ce a ƙara har kaka, ya ce wasa da mutuncin yarinya ya isa haka, maza sun fara tsayawa wurin ƙwaryarta a kasuwa ba don nono ba.

Na samu Hapsatu ita kaɗai a bakin rijiya. Na ce ta ce ba ta so, magana ta ƙare. Ta daɗe tana jan guga kafin ta ce, “Adda, ke takarda aka ba ki, ni akwati aka ba ni. Rigarsa na ciki, da carbinsa, da hoton da ya ɗauka a Kano. Na yi kukan har ya ƙare. In na koma Kangire wani za a ba ni wanda bai san uban Barira ba. Buba ya san shi.” Me zan ce mata? Gaskiya ta faɗa.

Kuma bari in gaya maka abin da ya fi ba ni tsoro. Shekaranjiya bayan sallar la'asar na ji bakina yana cewa Allah Ya jiƙan Haladu. Na kama bakin da hannu. Ni kaɗai na rage mai cewa kana nan, kuma ga ni ina zamewa.

An sa rana bayan Juma'a biyu. In kana da rai, ko mutum ka aiko, ko tsumman rigarka.

Turai

*

Birnin Kudu, Agusta 1969

Haladu,

An ɗaura. Ba kiɗa, ba guɗa, goro kawai aka raba. Na je, don kada Hapsatu ta ce na ƙi ta. Buba bai ɗaga kai ba har aka shafa fatiha.

Ba zan ƙara rubutowa ba. In ka mutu, Allah Ya jiƙanka Ya haɗa ka da Inna. In kana da rai, Allah Ya ba ka haƙurin abin da za ka tarar.

Turai

*

Kaduna, Maris 1970

Zuwa ga Adda Turai.

Assalamu alaikum. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Ni ne Haladu, ina da rai. Lafiyata lau, sai ɗingishi a ƙafar hagu inda harsashi ya shiga cinya. Ina fatan ke da Malam da yara kuna lafiya.

'Yan makonnin da aka ce mana sun zama shekara da wani abu. Da farko hanya muke gadi muna sanarwa. Da aka ga muna da amfani sai aka ce mu zauna can, mu fasa abin da za mu iya fasawa. Daga baya aikin ya sake juyawa, ya koma lallashin mutanen da suka gudu daji da yunwa su fito, mu raka su inda ake ba da abinci. Na ɗauki yara a kafaɗa fiye da yadda na ɗauki bindiga a watannin ƙarshe. Mu goma muka shiga, huɗu muka fito. Yanzu waɗanda suke ce mana ɓarayin shanu su ne suke cewa a buɗe makaranta mu koya wa sababbi, wai yaƙin gaba duk irin wannan ne.

Da na je sito karɓar akwatina aka ce babu. Ashe da za a tashi da bataliya mai sito ya ga kaya sun yi masa yawa, sai ya bi akwatunan da ba sunan masu su a layi, ya rarraba wa masu zuwa hutu su kai gida. Shi ke nan abin da ya faru, Adda, wani ne yake neman wuri a ɗakinsa. A madadin akwatin aka miƙo mini takardunki a ɗaure da igiya. Na zauna a gindin mangwaro na karanta su a jere. Da na kai ta Afrilu na tashi zan nemi mota, sai na tuna watan da muke ciki.

Na je Gwaram makon jiya. Kada ki yi fushi. Na bar gemu, na naɗa rawani har hanci, na zauna a rumfar masu gero ranar kasuwa. Mutanen da na yi kiwo da su sun wuce ta gabana ba wanda ya waiwaya, ai aikina ke nan. Na ga Hapsatu a layin masu nono. Cikinta ya tsufa. Buba ya zo ya sauke mata ƙwarya don kada ta sunkuya, ta faɗi wani abu suka yi dariya. Barira ta riƙe masa riga tana cewa Baba ya saya mata rake. Ta yi tsawo.

Na zauna har aka fara watsewa, na hau motar Kano.

Ga roƙona. Ki bar ni a yadda suka san ni. Sun yi kukansu sun gama, gida ya zauna. In na fito, mutum uku zan kashe da rai. Zan karɓi aikin koyarwar nan, in riƙa aiko miki da abin da za ki kai wa Barira a ce daga gare ki ne. Kada ki gaya wa kowa, ko Malam.

Ƙanenki,
Haladu

*

Birnin Kudu, Afrilu 1970

Haladu,

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. A tsakar gida na faɗi na yi sujada, da gari a hannuna, yara suka zaci aljanu ne. Lafiyarmu lau, kuma yau ne kawai na faɗi haka da gaske tun bara.

To na gama godiya, saura kai. Motar Gwaram ta ƙofar gidana take bi. Ka wuce da tafiya, ka wuce da dawowa, ba ka sauka ba. Shekara guda ana nuna ni da baki ana cewa mahaukaciya saboda kai, ka zauna a rumfar gero kana leƙen iyalinka kamar garin abokan gaba. Sun koya maka aiki, ba shakka.

Ka ce kada in gaya wa Malam. Na gaya masa kafin in ninke takardar. Ya je ya tambayi malaminsa ba tare da ambaton suna ba, amsa kuwa ita ce wadda kai ma ka sani ka kau da kai. Muddin kana numfashi ba ka sake ta ba, Hapsatu matarka ce. Abin da ya wuce ba laifi a kansu tunda ba su sani ba, cikin kuma na Buba ne, ba mai taɓa shi. Amma yanzu ni na sani. Kana so in riƙa zuwa gidan nan ina shan furarsu, ina kallonsu suna zaune ba aure, in yi shiru har kabari? Na riƙe maka sirri sau ɗaya, ba zan riƙe wannan ba.

Na je Dingaya. Na tara su ukun a ɗakin Bappa na faɗa. Bappa ya yi ta salati, hawaye na bin gemunsa, fulakon duk ya tafi. Ya ce da ma ya tambayi sojan nan ko kalma biyu. Buba ya tashi ya kora shanu ya koma ruga, har yau bai taka gidan ba. Na ji tsoro kada ya bi daji ya ɓace, sai da na sa aka bi shi aka karɓi alkawarin ba zai yi nisa ba.

Hapsatu ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dafa ciki ta zauna. Can ta ce, “In ya ce in koma ɗakinsa zan koma, mijina ne. Amma ya zo ya faɗa da bakinsa. Kuma ki tambaye shi, da ya yini yana kallona a kasuwa, me ya hana shi yi mini sallama?”

Zan gaya maka abin da na gani, ka yi yadda ka ga dama da shi. Kwana biyu na yi a can. Ta tambaye ni ƙafarka, ko tana maka ciwo, ko kana samun mai yi maka abinci. Amma duk lokacin da aka sauke tukunya, kafin kowa ya ci, sai ta zuba a akushi ta nemi wanda zai kai ruga.

Ba na aika maka saƙo kuma, ba na karɓar naka in kai. Ka zo da kanka, da rana tsaka, fuska a buɗe.

Yayarka,
Turai

*

Kaduna, Afrilu 1970

Adda,

Gaisuwa. Na samu taki, ƙafa da sauƙi. Na yi fushi da ke yini guda, daga nan na ga ba ni da gaskiya.

Ki gaya wa Hapsatu amsar tambayarta tsoro ne. Na shiga garuruwan da in an gane ni kashe ni za a yi, gabana bai faɗi ba kamar a kasuwar Gwaram. Tsoro nake in yi sallama ta ɗago kai, in ga ba murna ce ta fara zuwa fuskarta ba.

Na karɓi hutu. Ranar Alhamis zan sauka a tashar Birnin Kudu, na aske gemun. Washegari mu tafi tare, in yi sallama a ƙofar gida kowa ya ji. Ki aika a gaya wa Buba ya dawo da shanu, ba abin da ya ɗauka nawa, manya ne suka ba shi.

Na fahimci zancen akushi. Zan tambaye ta da bakina kamar yadda ta nema, amma na san amsar, kuma ba zan bari ta sha wahalar faɗa ba. Zan sauwaƙe mata a gaban Bappa da liman. In ta haihu ta gama abin da shari'a ta ce, a sake ɗaurawa, ni zan karɓa wa Buba auren. Kada ki ɗauka abin ya zo mini da sauƙi. Ina son ta, Adda, yadda na bar ta haka nake son ta, kuma da tunanin komawa ɗakinta na ja ƙafar nan na fito daga daji. Wannan ke kaɗai za ki karanta.

Abu ɗaya nake roƙo, ki faɗa musu kafin in iso. Kada kowa ya tilasta wa Barira ta ce mini Baba. In ta ce Bappa, zan amsa.

Ƙanenki,
Haladu